Wasan gaba da baya na karanshaf a injin bas: yadda ake aunawa, da inda shim ba ya magani

Tambaya: Maigida, ina da tsohuwar bas Volkswagen mai injin 1600 a baya, irin wanda iska ke sanyayawa. Kwanan nan baƙin mai ya fara ɗiga ta tsakanin inji da giya, kuma in na taka kuloci sai silo ya ɗan sauka. Na kama fulin baya na ja na tura, na ji yana ƙwas-ƙwas, har ina ganin motsinsa da ido. Wani ya ce in sauke inji in ƙara shim ɗaya mai kauri a wuce wurin. Yaya ake auna wannan wasan, nawa ya kamata ya zama, kuma ƙarin shim ɗin zai wadatar?

Amsa: Ɗan'uwa, lambar da kake nema ita ce milimita 0.07 zuwa 0.13. Abin da kamfanin ya tsara wa wannan injin ke nan, ya kuma sa iyakar cinyewa a 0.15, da an wuce nan sai gyara. Don ka gane ƙanƙantar abin, kaurin takardar rubutu guda ɗaya wajen 0.10 ne. Wasa irin wannan hannu ke jin sa, kunne ya ɗan ji wani "tik", amma ido ba ya kama shi. Tunda ka ce da idonka kake ganin fuli na motsi, naka ya zarce iyaka, babu tantama. Sai dai kada ka sayi shim tukuna, wato siraran zobban ƙarfen nan da ake rage sarari da su. Wanda ya ba ka shawarar nan rabin gaskiya ya faɗa. Da shim ake saita wasan a irin wannan injin, haka ne, amma ba kowane wasa shim ke ɗaukewa ba, kuma akwai irin wanda in ka bi shi da shim, garin neman gira za ka rasa ido.

Ka fara sanin abin da ke riƙe karanshaf, babbar sandar nan da fistin ke juyawa, ta tsawonsa. Juyawa aka yi shi ya yi, amma akwai mai tura shi gaba da baya, kuma babban mai turawar ƙafarka ce. Duk sanda ka taka kuloci, rilis boris, wato boris ɗin da feda ke turawa, yana danna faifan kuloci, faifan a ɗaure yake jikin fulawil, babban faifan ƙarfen nan mai haƙora, fulawil kuma a ɗaure yake bakin karanshaf. Ƙarfin nan, da ya kai nauyin ƙaton mutum ko ya fi, a kan karanshaf yake ƙarewa. A injinka mai tare shi shi ne metal na ɗaya, wato mazaunin da karanshaf ke juyawa a cikinsa, wanda ke dab da fulawil. Zobe ne guda na alminiyam mai leɓe biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, ya rungume bangon gidan inji a tsakaninsu. Kafaɗar karanshaf na jingina da leɓen ciki, hancin fulawil na fuskantar leɓen waje, kuma a tsakanin hancin da leɓen ne shim uku ke zaune. Ɗan sararin da ya rage bayan an tamke fulawil, shi ne wasan da kake tambaya a kai.

Wasu sabbin hannu sukan ce, to me zai hana a kashe wasan gaba ɗaya? Baƙin mai na buƙatar wurin shiga, kuma leɓen nan ba shi da gata irin na cikin metal, abin da ya tsiyayo daga gefe kawai yake samu. Sannan ga zafi. Alminiyam ya ninka ƙarfe kusan sau biyu wajen buɗewa in ya ɗau zafi. Ka ɗauki faɗin milimita 30, zafi ya ƙaru da digiri 80, bambancin buɗewar zai kai wajen 0.03. Ka ga in ka bar 0.04 a sanyi, inji na ɗaukar zafi a kan doguwar hanya saura ƙiris ya rage, mai ya daina shiga, shim su yi shuɗi, leɓe ya narke ya manne. Shi ya sa in aka tilasta ni zaɓi tsakanin 0.06 da 0.13, na biyun zan ɗauka ban ko waiwaya ba.

Alamun da ka lissafa sun dace da wasa mai yawa. Hancin fulawil na shiga yana fita a cikin oyil sil, leɓen robar ya gaji ya saki mai. Giyar da ke juya kamshaf da wadda ke juya distiributa duk a kan karanshaf suke, kuma haƙoransu a karkace aka yanka su, saboda haka in karanshaf ya zame gaba ko baya tayimin ma sai ya zame. In kana da fitilar duba tayimin, haska alamar fuli wani ya taka maka kuloci, za ka ga alamar na yawo. Amma kafin ka ɗora wa sil laifin ɗigar, lakato man ka sansana. Man giya yana da wari mai kaifi irin na farar wuta, ba ya ɓuya. In shi ne, sil ɗin sandar giya ce ta saki, wannan wata magana ce daban.

Awo na farko ka yi shi inji na kan mota, kafin ka kwance ko noti ɗaya. Abin awon shi ne dayal geji, agogon nan mai allura da ɗan tsinke a ƙasa. Na milimita, kowane layi 0.01 ne, zagaye guda milimita 1. In naka na inci ne, 0.003 zuwa 0.005 kake nema, iyaka 0.006. Mota a firi, inji a sanyi, ka sassauta fambel, ka tabbata kuloci na da ɗan wasansa a feda don kada rilis boris ya tokare. Ka kafa agogon a jikin inji kansa, tsinkensa ya taɓa fuskar fuli ko kan bol ɗin fuli. Na ce a jikin inji, ba a bodi ko a ƙasa ba, domin in ka tura, injin gaba ɗaya yana ɗan lilo a kan mazauninsa, agogon da ke tsaye a waje kuwa zai haɗa lilon da wasan ya ba ka lambar ƙarya. Wannan awon ba shi za ka saita shim da shi ba, amma ka rubuta shi, zai yi maka amfani a gaba.

Da inji ya sauka, ka cire faifan kuloci, ka bar fulawil a ɗaure yadda ka same shi, ka sake aunawa ta fuskar fulawil. A nan mutane ke cin karo da wani abu: gindin agogo mai maganaɗisu ba ya kama gidan wannan injin, domin na maganiziyam ne. Sai ka sami ɗan ƙarfe mai kauri da ba ya lanƙwasa, ka huda shi, ka ɗaure a ɗaya daga cikin ramukan da ke haɗa inji da giya, ka kafa agogon a kansa. Tsinken ya tsaya tsaf daidai da tsawon karanshaf, kada ya karkace, ya sauka a wuri mai santsi, kuma ya ɗan danna kamar milimita 1 ko 2 don allura ta sami damar tafiya kowane gefe. Ka tura fulawil ciki da tafin hannu biyu har ya tsaya, ka saki, ka juya fuskar agogo sifili ya zo kan allura. Sannan ka sa sukudireba biyu manya, ɗaya dama ɗaya hagu, ka ɗago fulawil waje a hankali, ka saki, ka karanta. Kalmar "ka saki" ɗin nan ita ce sirrin. In ka karanta kana kan dannawa, fulawil yana ɗan lanƙwasa, allura ta ƙara maka layi biyu ko uku da babu su. Ka maimaita sau uku, ka ga sifili na dawowa wurinsa. In ba ya dawowa, mariƙin agogonka ne ke motsi. Sai ka juya inji rubu'in zagaye ka sake, har wuri huɗu. Lambobin su zo kusan ɗaya. In wani wuri ya ba ka 0.08 wani 0.14, fulawil bai zauna daidai ba, ko wata fuska ta cinye a karkace.

Wanda ba shi da agogo ma yana iya aunawa. A jikin wancan ƙarfen sai a sa bol mai noti biyu, bakinsa na fuskantar fulawil. A ɗago fulawil waje, a murɗa bol har ya shafe shi kawai, a kulle noti, a tura fulawil ciki, a auna ratar da fila geji, siraran ganyayen ƙarfen nan na auna rata. Yana aiki, sai dai yana son hannu mai ji, kuma ba zai nuna maka abin da zan faɗa yanzu ba da sauƙi irin na agogo.

To ga inda gizo ke saƙa. Lambar da agogo ya ba ka jimla ce, ba ta gaya maka daga ina wasan ya fito ba. Yana iya zama shim ne suka sirance, ko leɓen metal ya cinye, ko hancin fulawil ya yi kwari. Yana kuma iya zama metal ɗin ne gaba ɗayansa ke tafiya gaba da baya a cikin gidan inji. Maganiziyam ba shi da taurin ƙarfe. Shekara da shekaru ana taka kuloci, leɓen metal na dukan bangon da ya runguma, bangon ya daku ya sirance, metal ya sami wurin rawa. A tsofaffin injinan nan wannan ba baƙon abu ba ne, kuma wasan da har ido ke gani yawanci daga nan yake.

Dubi yadda lissafin ke yaudara. A ce agogo ya nuna 0.22. A ciki, 0.12 ne wasan gaskiya tsakanin fulawil da leɓe, wanda lafiyarsa lau, ragowar 0.10 kuwa rawar metal ce a gidansa. Kai ba ka sani ba, ka ƙara kaurin shim da 0.12, ka ɗaure, agogo ya nuna maka 0.10 cif, ka yi murna. Alhali wasan gaskiya ya koma sifili. Ka matse metal tsakanin karanshaf da fulawil, 0.10 ɗin da kake gani duka rawar metal ce. Inji na tashi, karanshaf zai nemi ya juya da metal ɗin. Ɗan fin guda ne ke hana shi juyawa, ramin fin ya yage, metal ya murɗa, ramin da mai ke bi ya kauce, shi ke nan inji ya buga. Ni kaina na taɓa yin wannan aika-aikar ina sabon hannu. Na saita, agogo ya ba ni lamba mai kyau, motar ba ta cika sati ba aka jawo ta. Da na cire fulawil, shim ukun sun manne sun zama guda, launinsu shuɗi da ruwan ƙasa, ramin fin kuwa ya koma dogo kamar ƙwayar shinkafa. Tun ranar ban ƙara taɓa shim ba sai na gwada metal.

Gwajin ba wuya. Ka cire fulawil, ka zare sil, ka fitar da shim, ka goge wurin tas. Leɓen metal na waje zai bayyana, zobe fari kewaye da bakin karanshaf. Ka sa tsinken agogo a kan leɓen kansa. Wani ya tura karanshaf daga ɓangaren fuli da ƙarfi, kai kuma ka mai da leɓen ciki da guntun katako ko sandar tagulla, ban da ƙarfe mai kaifi. Allura kada ta motsa ko layi ɗaya. Ka kuma zuba ido a layin da leɓe ya haɗu da gida: in kana turawa kana ganin baƙin mai na ɓulɓulowa yana komawa a wannan layin, kamar yana numfashi, metal ya saki. Ka gwada murɗa shi da yatsu hagu da dama, nan ma kada ya amsa. In ya motsa ta kowace fuska, ka ajiye maganar shim. Sai an raba gidan inji biyu, an kai wa masu injin yanka su gyara ramukan metal su zo layi ɗaya, su share bangon da ya daku, a sa metal obasayiz mai leɓe mai kauri wanda zai kama bangon gam. A nan ka tabbata an auna bangon bayan yanka, aka zaɓi ko aka rage metal daidai da shi, domin metal sabo a kan bangon da bai cika shi ba, an yi ba a yi ba ke nan. Wani gidan kuma ya riga ya sha yanka har ba sauran nama, sai dai canji.

In ka ci sa'a metal na zaune daram, sai ka duba fuskoki. Ka bi leɓen da farce: santsi ake so, ba kwari ba tudu. Ka juya fulawil ka duba hancinsa, fuskar da ke danna shim da kuma kewayen da sil ke hawa. Duk kwarin da farce ya maƙale a ciki zai ci sabbin shim ya kuma yanka sabuwar sil. Ka duba fin huɗun da ke bakin karanshaf da ramukansu a fulawil. In ramukan sun zama ƙwai, fulawil ya taɓa kwancewa yana aiki, kuma wani lokacin ƙwas-ƙwas ɗin da mutum ke ji daga nan ne. Tsofaffin shim kuma ka auna su da maikuromita, abin awon kauri. Sabo yakan zo da lambarsa a rubuce, amma tsoho lambar ta goge ko ta daina faɗin gaskiya. Wanda ya lanƙwasa kamar faranti, ko ya yi shuɗi, ko bakinsa na ciki ya yi kaifi, jefar da shi.

Yanzu saiti. Shim ɗin suna zuwa kaurin milimita 0.24, 0.30, 0.32, 0.34, 0.36 da 0.38. Ka sa guda biyu da ka san kaurinsu, ka bar sil a waje, ka bar zoben robar da ke cikin fulawil ma a waje, domin dukansu suna riƙe karanshaf su hana ka jin iyakar tafiyarsa. Ka ɗaure fulawil, ka auna, ka cire 0.10 daga abin da ka samu, abin da ya rage shi ne kaurin na uku. Misali ka sa 0.30 da 0.32, agogo ya ba ka 0.44, na ukunka 0.34 ne. In ya ba ka 0.52, lissafi zai ce 0.42, babu kuma shim mai wannan kaurin. Sai ka haɗa jimla: 0.30 da 0.32 da 0.42 sun tashi 1.04, ka nemi uku da za su ba ka hakan, kamar 0.36 biyu da 0.32 ɗaya. Ka lura uku mafi kauri ba su wuce 1.14 ba. In lissafinka ya nemi fiye da haka, injin na gaya maka wani abu ya cinye fiye da kima, koma ka nemo shi.

Uku ne, ba biyu ba, ba huɗu ba, kuma shawarar abokinka ta "ƙara ɗaya" a nan ta karye. Shim ɗin suna zamewa ne a kan juna, na jikin fulawil na bin fulawil, na jikin metal na jinkiri, na tsakiya na raba musu gudu, da mai a kowane tsakani. Haka kamfanin ya auna wurin, kuma da uku aka fitar da lambar 0.07 zuwa 0.13. Shim da aka yanko daga gwangwani kuwa kada ma ka fara, na gaskiya ƙarfe ne mai tauri da aka goge fuskarsa.

Akwai ƙananan abubuwa da ke ɓata awo a wannan matakin, kuma su suka fi cin lokaci. Datti tsakanin bakin karanshaf da cikin fulawil: ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ɗaga fulawil ta ƙara maka wasan da zai ɓace bayan kwana biyu, ya bar ka a matse. Ka wanke fuskokin biyu, ka bi bakin ramukan fin da yatsa ko akwai ɗan tudu. Giris ko mai mai kauri a kan shim lokacin awo yana cinye layi biyu ko uku, saboda haka ka auna da su a goge, ko da ɗan shafin mai marar kauri, sai a haɗin ƙarshe ka shafa musu baƙin mai sosai. Tsofaffin injinan farko suna da gasket na takarda ko na ƙarfe tsakanin karanshaf da fulawil maimakon zoben roba. In naka irin wannan ne, gasket ɗin na cikin lissafi, da shi za ka auna. In kuma ka canza fulawil, ko da daga injin irinsa ne sak, tsohon saiti ya tashi aiki, domin zurfin hancinsu ba ya zama ɗaya.

Sai ɗauri. Babban bol ɗin tsakiya, mai kan milimita 36 da ɗan boris a cikinsa, ana tamke shi da kilogiram-mita 35, wato kusan Nm 350. Ba ƙaramin ƙarfi ba ne, kuma wasan da ka auna da rabin ɗauri ba shi za ka samu da cikakken ɗauri ba, fulawil na ƙara zama, wasa na raguwa. Don haka awon da za ka yarda da shi, na cikakken ɗauri ne. In sifanar awonka ba ta kai nan ba, lissafi zai fisshe ka: mutum mai kilo 70 in ya tsaya da dukan nauyinsa a kan sanda, rabin mita daga tsakiyar bol, sandar na kwance daidai, ya ba da 35 ɗin ke nan. Tsayawa zai yi a hankali, ban da tsalle. A kulle fulawil da abin kulle shi na haƙora, kuma a ɗaure doguwar sanda a jikinsa ko a riƙe injin, in ba haka ba zai kife. Bayan ka sa na uku ka ɗaure ka tabbatar da lambar, sai ka sake cirewa, ka sa sil da zoben roba, ka shafa wa leɓen sil mai, ka ɗaure na ƙarshe, ka ƙara aunawa. Ka juya inji da hannu zagaye biyu, ya tafi sumul ba inda ya cije. E, sau uku ke nan kana ɗaure bol ɗin nan kana kwancewa. Haka aikin yake.

Ga masu karatu da injinsu ba irin wannan ba: manyan injinan bas na Volkswagen da suka fara fitowa a samfurin 1972, masu lita 1.7 zuwa 2.0, da na kwance masu sanyaya da ruwa da suka biyo baya, su ma shim uku ne da lamba iri ɗaya, sai dai fulawil ɗinsu bol biyar ne, kowane da nasa ƙarfin ɗauri a littafinsa. Amma injinan tsaye irin na Hiace da Transit da Sprinter ba su da shim a bayan fulawil sam. Toros washa ne ke riƙe su, masu siffar rabin wata, a gefen ɗaya daga cikin manyan metal, ko kuma metal mai leɓe. Awo iri ɗaya ne, lambar ce ta fi faɗi. A dizal ɗin Toyota 3L da 5L, misali, 0.04 zuwa 0.25 ne, iyaka 0.30. Gyaransu canza washa ne, ko sa obasayiz in an share fuskar karanshaf. Kuskuren da ya fi kashe su shi ne juya washa: fuskar da ke da kwarin mai ita ke kallon karanshaf, bayan ƙarfen ya jingina da bulok. In aka juya, ƙarfe ya hau ƙarfe. Mai leɓe kuma kafin a tamke murfinsa, a ɗan ɗaure, a tura karanshaf baya, a tura shi gaba a riƙe, sannan a tamke, don rabi biyun su daidaita su ɗauki nauyin tare. Wanda ya bar wasa ya yi yawa a irin waɗannan, wata rana zai tsinci washa a kwanon baƙin mai, karanshaf kuwa ya riga ya fara cin bulok. A masu otomatik, kanbata, wadda ke maimakon kuloci, in ba ta zauna ƙarshe ba aka ja ta da bol, ko layin sanyaya man giya da ya toshe, su ke yin aikin da ƙafa ke yi a mai kuloci.

Mu dawo kan taka. Ko me ka tarar, ka nemi abin da ya jawo, in ba haka ba za ka sake sauke injin nan. Ka duba wasan feda, ya zama wajen santimita 2 kafin ka ji tauri, ana saita shi da notin nan mai fukafuki a ƙarshen waya ta gefen giya. Fedar da ba ta da wasa tana nufin rilis boris na danne da karanshaf dare da rana. Faifan kuloci mai ƙarfi fiye da na asali ma yana ƙara wa leɓen kaya. Sai halin direba: ɗora ƙafa a kan feda ana tafiya, riƙe kuloci a cunkoso maimakon komawa firi, da tayar da inji da safe kuloci a take, lokacin da leɓen nan bai ga ɗigon mai ba tukuna. Wannan motar ba ta buƙatar a taka mata kuloci kafin ta tashi, sa ta a firi ka murɗa.

In ka mai da inji kan mota, ka sake kafa agogo a fuli kamar yadda ka yi da farko, ka rubuta lambar tare da kaurin shim ukun da ka sa. Bayan ka yi tafiyar da ta kai canjin mai na farko, ka sake aunawa a wurin, inji a sanyi. Ƙarin layi ɗaya ko biyu zaman sabbin kaya ne. In kuwa ka ga ta tashi daga 0.10 ta doshi 0.15 cikin wannan ɗan lokacin, metal ɗin da ka gwada ka ce yana zaune, koma ka sake gwada shi.